Sunayen Wuƙa Tsakanin Tasawa da Andalus

Da wuya a samu wani kayan aiki da ya ratsa rayuwar Bahaushe daga farko har ƙarshe kamar abu mai kaifi. Da shi ungozoma ke yanke cibiya, da shi wanzami ke askin ranar suna, da shi ake yanka ragon da ke tabbatar wa jariri sunansa. Da shi ake kaciya, da shi ake layya, da shi ake girbi da sassabe, kuma ranar da aka zo gyara likkafani sai an neme shi. Duk da wannan kusanci, idan aka duba batutuwan da mu ɗaliban ilimin harsuna muke zaɓa don kundayen kammala karatu, za a tarar karin magana da waƙa da aron kalmomin Faransanci sun cinye filin, sunayen kayan maƙera kuwa an bar su a maƙera, kamar ba su da abin da za su koya wa mai nazari. Ni kuwa ina ganin suna da shi, kuma abin da ya fara nuna mini haka wani harshe ne da ke nesa da mu ƙwarai, wato Sifaniyanci.

Ni mutumin Tasawa ne, dangin mahaifiyata kuma suna ƙasar Mayahi, a ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba. Na tashi ina jin tsofaffi suna cewa yuƙa, littattafan makaranta kuma suna cewa wuƙa, ban taɓa ɗaukar bambancin a bakin komai ba. Sai da na fara koyon Sifaniyanci, na shiga ƙamusunsu ina bin asalin kalmomi don nishaɗi, na ci karo da kalmar gumía. Sunan wata lanƙwasasshiyar wuƙa ce ta mutanen Maroko. Ƙamusun hukumar harshen Sifen ya ce daga Larabcin Maroko take, daga kummiyya, ita kuma daga kumm, wato hannun riga, saboda ana iya ɓoye ta a cikinsa. Nan take na tuna da Buzayen da ke saukowa kasuwannin ƙasarmu da raƙuma, da wata ƴar wuƙa mai zoben fata a jikin kubenta wadda suke zura wa hannu, ƙotar tana kallon wuyan hannu, hannun riga ya rufe ta. Su suna ce mata telak, mu kuma muna cewa wuƙar hannu. Ƙirar ba ɗaya ba ce, mutanen ma ba ɗaya ba ne, amma dalilin sunan ɗaya ne: an raɗa wa makamin sunan wurin da yake kwana a jikin mai shi. Daga ranar na fara tara sunayen, na Sifaniyanci a shafi ɗaya, namu a shafi ɗaya.

Bari in fara da nasu, don a ga irin abin da sunaye kan ɗauko. Kalmar gama-gari ita ce cuchillo, daga Latin cultellus, ƙaramar wuƙa. Akwai navaja, wuƙar da ake naɗewa ruwanta ya shige cikin ƙota, daga Latin novacula, wanda asalinsa aska yake nufi. Ke nan kayan wanzami ne ya rikiɗe ya zama wuƙar aljihun manomi da makiyayi. Akwai puñal, wuƙar suka, daga puño, wato dunƙulen hannu, don da dunƙule ake riƙe ta. Akwai daga, wadda ta fi puñal tsawo amma ba ta kai takobi ba, da espada, takobin kansa, wanda ya zo daga Girkanci ta hanyar Latin. Da harshen ya ƙetara teku zuwa Amurka ta Kudu, makiyayan shanun Ajantina da Urugwai suka ɗauki faca suka liƙa mata ɗafa-ƙeyar girmamawa -ón, ta zama facón, doguwar wuƙar da suke sokewa a bayan ɗamara. Machete kuwa, wadda ita ce addarmu, ta yi tafiya har ta shiga Ingilishi da Faransanci. Sai kuma waɗanda Larabawa suka bari. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, masarautarsu ta ƙarshe, Garnaɗa, ta faɗi a 1492, kuma cikin waɗannan ƙarnuka kusan takwas harshen ya kwashi kalmomin Larabci masu yawa. Daga cikinsu akwai alfanje, gajeren takobi mai lanƙwasa da faɗi, daga al-khanjar.

Duk ɗalibin Hausa da ya ga alfanje zai gane abin da ya faru, domin mu ma haka muka yi. Harsunan biyu sun haɗiye ƙwayar al- ta Larabci tare da sunan da take gaba da shi, suka mai da ita wani yanki na saiwar kalma. Al-ƙadi ya zama alƙali a bakinmu, ya zama alcalde a bakinsu, ko da yake a wurinsu ma'anar ta gusa ta koma magajin gari. Mu muna cewa albishir, su suna da albricias, tukuicin da ake ba wanda ya kawo kyakkyawan labari, wanda a al'adarmu goro ne. A cikin kayan kaifi kuwa, abin da ya fi fitowa fili a wurinmu shi ne almakashi, daga al-miƙass. A nan akwai abin lura. Larabci ya ba mu kalmomin addini da shari'a da fatauci da rubutu, ya ba mu allura da almakashi, kayan maɗinki, amma ban taɓa jin wani mutumin ƙasarmu ya kira wuƙarsa da sunan sikkin ko khanjar ba, shi kuma saif sai a cikin sunan yanka irin Saifullahi. Abin da wannan ke nunawa shi ne, lokacin da malamai da fatake suka iso da littattafansu da tufafinsu, sun tarar da maƙera tana ci, kuma kowane ƙarfe yana da sunansa, babu gurbin da baƙuwar kalma za ta cike.

Ƙirar kalmomin ma tana goyon bayan haka. Hausa tana da hanya sananniya ta ƙera sunan kayan aiki daga aikatau ta amfani da ɗafa-goshin ma-, kamar masassabi daga sassabe, magirbi daga girbe, magagari daga gagara, mabuɗi daga buɗe. Amma manyan sunayen kayan kaifi, wato wuƙa da aska da adda da gatari da lauje, ba su bi wannan hanya ba. Ba a iya fasa su a fitar da wani aikatau daga ciki. Jam'insu kuma irin na tsofaffin kalmomi ne. Wuƙa tana zama wuƙaƙe ta hanyar maimaita baƙin ƙarshe na saiwa, daidai da yadda wuri ke zama wurare, gida gidaje, ƙasa ƙasashe. Aska tana zama asake ta hanyar cusa dogon wasali a tsakiyar saiwa, kamar gulbi da gulabe, birni da birane. Sababbin ararrun kalmomi ba su cika shiga waɗannan azuzuwa ba, sun fi son jam'i mai -oCi, irin mota da motoci, taga da tagogi. Saboda haka ko ba a samu takardar tarihi ba, jam'in kalma yana iya ba da shaidar daɗewarta a harshe. Ita kuwa yuƙa da muke faɗa a arewa da yammacin ƙasar Hausa, ba ɓatacciyar Hausa ba ce kamar yadda wasu malaman firamare kan nuna wa yara. Musanya ce tsakanin w da y wadda daidaitacciyar Hausa ma ta amince da ita a wuni da yini. Daidaitawa ta zaɓi karin Kano ne don sauƙin rubutu, ba don sauran sun yi laifi ba.

Takobi shi ne kalmar da ta fi kowace jan hankalina, domin tarihin ƙasarmu yana cikinta. A Tamashek ana cewa takoba, kuma ƙirarsa ɗaya ce a hannun Buzu da Bahaushe: miƙaƙƙen ruwa mai kaifi biyu, da maƙari a gicciye tsakanin ruwa da ƙota. Gaɓar ta- a farkon kalma tana kama da ɗafa-goshin tamata na harsunan Buzaye, irin wanda muke gani a taguwa da takarda, don haka masu nazari da yawa suna ganin daga can ta zo mana. Wanda ya san inda Tasawa take ba zai yi mamaki ba. Garin yana kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Azbin zuwa Katsina da Kano, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a cikinsa a watan Janairu na 1851, bayan ya biyo ayarin gishiri na Buzaye daga arewa. Shi ne kuma ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu yawan gaske daga garin Solingen na Jamus zuwa kasuwar Kano, inda maƙeran gida ke sa musu ƙota, dukawa su ɗinka musu kube. Wato takobi ɗaya yana iya zama ruwansa na Turai, sunansa na Sahara, kubensa na Hausa. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarautar Katsina ta komo arewa, ta kafu a Maraɗi, wani reshe kuma ya zauna a Tasawa, aka yi kusan ƙarni guda ana kai hari ana ramuwa tsakanin nan da kudu. Al'ummar da ta rayu cikin wannan hali dole ta bambanta takobi da takobi. Shi ya sa tsofaffin ƙamusoshi da littattafan tarihin yaƙi suka adana sunaye irin kansakali da bisalami da hindi da tamogashi da dunhu, wasu suna nuna lanƙwasa, wasu suna nuna zanen da ke jikin ruwa ko rashinsa, wani kuma, kamar hindi, yana nuna ƙasar da ake jin ƙarfen ya fito.

Na gwada waɗannan sunaye a kan abokan karatuna, waɗanda duk Hausa ce harshensu na farko. Kansakali wasu sun taɓa jin sa a kirarin sarakuna da bakin maroƙa. Sauran kuwa sai aka riƙa kallona kamar na yi wani yare. Takobi kaɗai ya rage da ransa, kuma dalilin bai ɓoyu ba. Yana jikin tambarin Jamhuriyar Nijar, inda takubba biyu suka gitta tare da mashi. Ana rataya shi a hawan salla. Sannan a gasar kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, shi ne abin da zakara ke ɗagawa sama, har duk yaron ƙasar nan ya san ma'anar a ce wata jiha ta ci takobi. Kalma tana rayuwa ne muddin akwai taron da ake bukatar furta ta. Bisalami ba shi da gasa, ba shi da tambari, sai ya koma cikin ƙamus ya kwanta.

A wani hutun damina na je wurin wani tsohon maƙeri a ƙasar kakannina, wanda ke ƙera wa matan gulbi wuƙaƙen yankan kaba. Na same shi a rumfarsa, jikansa yana bisa zuga-zugi, shi kuma yana juya ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, so nake ka lissafa mini sunayen wuƙaƙen da kuke ƙerawa." Ya ajiye masaba ya dube ni ya ce, "Ɗana, yuƙa ai yuƙa ce. Ka faɗa mini mai ita, in faɗa maka irinta." Na ce ban gane ba. Ya ce ta mahauci daban, domin akwai ta yanka, akwai ta fiɗa, akwai barho na sarar ƙashi da manyan gaɓoɓi. Ta baduku daban, gajera ce mai son kaifi fiye da tsini. Ta mai yankan kaba daban. Ta uwar gida a madafa daban. Askar wanzami kuwa ya ce wannan wata ƙira ce mai zaman kanta, don ta aski ba ita ce ta tsaga ba, ta tsaga kuma ba ita ce ta kaciya ba. Ya ƙara da cewa, "In mutum ya zo ya ce in yi masa yuƙa bai faɗi sana'arsa ba, na san ba mai aiki ba ne."

Wannan magana ta warware mini abin da jerin sunayena ya kasa nunawa. Idan aka ajiye shafin Sifaniyanci kusa da na Hausa, sai a ga kamar sun fi mu yawan kalmomi, tunda kowace wuƙa tana da saiwarta daban. Amma bambancin na dabara ne. Sifaniyanci ya fi son ba kowane nau'i sunansa na kansa. Hausa kuwa ta fi son riƙe suna ɗaya ta ɗaura masa sana'a ko wuri ta hanyar mahaɗi: wuƙar fawa, wuƙar fiɗa, wuƙar hannu, askar tsaga. Ƙamus kuma, saboda tsarinsa na abajada, yana ba saiwa matsayin shugabar kalma, harɗaɗɗun sunaye kuwa ya tura su cikin misalai, in ma ya kawo su. Wanda ya ƙirga shugabannin kalmomi kawai zai yanke wa Hausa hukuncin talauci a inda take da wadata.

Wadatar ta fi bayyana a aikatau. Ga abin da Bahaushe ke yi da abu mai kaifi: ya yanka, ya sara, ya soka, ya datse, ya tsaga, ya fere, ya feɗe, ya feƙe, ya sassaƙa, ya kankare, ya aske, ya sassabe, ya tsire, ya daɓa, ya caka. Kowanne yana ɗauke da bayanin irin motsin hannu, da irin abin da aka yi wa aikin, wani lokaci har da niyyar mai yi. Ana fere rogo da ƙwarya, ana feɗe akuya, ana feƙe tsinke. Wanda ya ce ya feɗe rogo, yara ma za su yi masa dariya. Yanka yana bukatar jan kaifi a kan abu, sara yana bukatar ɗaga hannu a saukar da ƙarfi, suka kuwa aikin tsini ne. Sifaniyanci yana da tasa hikimar a nan: yana liƙa ɗafa-ƙeya a jikin sunan makami ya fitar da sunan bugun da aka yi da shi, cuchillo ya ba da cuchillada, puñal ya ba da puñalada, navaja ta ba da navajazo, machete ta ba da machetazo. Wato su suna kallon rauni ta fuskar makamin da ya yi shi, mu kuma muna kallonsa ta fuskar aikin da hannu ya yi, mu ce sara ne ko suka ko yanka. Mai fassara tsakanin harsunan nan, ko mai fassara a kotu tsakanin Hausa da Faransanci, idan bai san wannan ba zai iya mai da sara ya zama suka, kuma a gaban alƙali ba ɗaya ba ne.

Sassan jikin wuƙa ma suna da darasi a ilimin ma'ana. Ƙarfen da ke yanka, Basifaniye yana ce masa hoja, wato ganye, saboda faɗinsa da rashin kaurinsa. Bahaushe yana ce masa ruwa: ruwan wuƙa, ruwan takobi, ruwan gatari. Gefen da ba ya yanka su suna ce masa lomo, gadon bayan dabba, mu ma muna cewa bayan wuƙa, gefen da ke ci kuma baki, har mu ce bakin ya dakushe sai an wasa. Kube a wurinsu vaina ne, kuma da suka tarar da wani tsiro mai ƙamshi a Meziko wanda kwanson ƴaƴansa ya yi kama da ƙaramin kube, sai suka ce masa vainilla, sunan da duniya ke amfani da shi yau a kan kayan zaƙi. Mu kuma mun ɗauki kaifi mun kai shi cikin halin ɗan Adam: mai kaifin basira, mutum kaifi ɗaya wanda ba ya magana biyu. Wanda aka sakar wa iko duka muna cewa wuƙa da nama suna hannunsa. Idan rigima ta kusa muna cewa ana wasa wuƙa, idan aiki ya zo ƙarshe mu ce aski ya zo gaban goshi, kuma muna gargaɗin mai surutu da cewa baki shi ke yanka wuya. Su ma suna da karin maganar da ke cewa a gidan maƙeri wuƙar itace ake samu, wato mai sana'a shi ne ƙarshen cin moriyar sana'arsa. Da na fassara wa tsohon maƙerin nan ita, dariya ya yi ya ce a tambayi matarsa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu da nauyi shi ne yadda kasuwa ke sauyawa a kan idonmu. A kasuwannin Tasawa da Maijirgi da Korgom da Mayahi da Kanambakashe har yanzu akwai layin maƙera, amma kusa da shi akwai mai tebur da wuƙaƙen kanti masu ƙotar roba, masu arha da ƙyalli, iri ɗaya ga mahauci da baduku da uwar gida. Wanzamai da yawa sun koma ga reza, kuma dalilin lafiya da ya sa haka dalili ne mai kyau wanda ba mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Maƙeran da kansu sun daɗe da barin narka tama, da ƙarfen tsofaffin motoci suke aiki, don haka duk kalmomin da suka shafi haƙar tama da gina murhun narka ta sun riga sun rasa masu furta su, sai ƴan tsofaffi ƙalilan. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ciwo. Rashin tsaron da ya addabi kan iyakarmu ta kudu, da ta'asar ƴan daba a manyan birane, sun sa adda da barandami da wuƙa sun zama kalmomin labaran rediyo, ana jin su tare da jini. Yaron da ya tashi yau yana iya sanin adda a matsayin makamin ɓarayi kafin ya san ta a matsayin kayan sharar gona. Idan ma'anar kalma ta ƙuntata haka, mutanen kirki sukan ji nauyin furta ta, kuma ɗalibi yakan ji nauyin zuwa ya yi bincike a kanta.

Sifen ma ta bi ta wannan hanya. A ƙarni na 18 sarakunanta sun yi ta kafa dokokin hana ɗaukar wuƙaƙen suka da manyan navaja, an kuma daɗe ana danganta su da mashaya da ƴan fashi. Amma sunayen ba su ɓace ba, don an rubuta su. An kafa hukumar kula da harshensu a 1713, ta fitar da babban ƙamusunta na farko cikin juzu'i shida tsakanin 1726 da 1739, kowace kalma da misalin inda aka yi amfani da ita. Garin Albasete, wanda sunansa ma daga Larabci yake, al-basiɗ, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya mai da ƙirar navaja abin alfaharinsa, har ya buɗe gidan tarihin wuƙaƙe a 2004. A can ƙusar da ke riƙe ruwa da zoben da ke ɗaure ƙota da ƙarar da wuƙa ke yi in ana buɗe ta duk suna da suna a rubuce. Mu ma ba da hannu wofi muke ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun kwashi kalmomin sana'a da yawa, na Bargery ma yakan nuna karin harshen da kalma ta fito. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini a nan gida. Sai dai manyan tsofaffin ƙamusoshin an tattara mafi yawan kayansu ne a kudancin iyaka, kuma shekaru fiye da 90 sun wuce tun na farkonsu. Abin da maƙerin Gulbin Kaba ke faɗa yau, da abin da ya daina faɗa, yana jiran mai zuwa ya ji.

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma kowa a sashenmu ya san aikin da zai biyo baya: ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha da likitanci da shari'a. Tsorona shi ne a zauna a ofis a Yamai ana ƙera sababbin kalmomi daga Faransanci, alhali tsofaffin da za su yi aikin suna mutuwa a ƙauye. Wanda zai rubuta littafin koyon aikin tiyata da Hausa yana bukatar bambancin tsaga da yanka da feɗewa, kuma wanzami da mahauci sun riga sun yi masa wannan aiki. Wanda zai rubuta littafin koyon sarrafa ƙarfe a makarantar sana'a yana bukatar kalmomin maƙeran baƙi da maƙeran fari. Ba a fara ƙirƙira sai an ƙidaya abin da ke cikin rumbu.

Don haka ga roƙona ga ƴan'uwana ɗalibai. Duk wanda zai je gida hutu, ya ware yini ɗaya ya zauna a maƙera ko mahauta ko wurin wanzami ko baduku. Kada ya tambayi jerin sunaye, domin mai sana'a ba da jeri yake tunani ba. Ya ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya ya tambayi na wane ne, me ake yi da shi, me ba a yi da shi, yaya ake kiran kowane sashe, yaya kakan mai sana'ar yake kiransa. Ya rubuta kalmar yadda aka furta ta, da karin sautinta da tsawon wasalinta da jam'inta da jinsinta, kada ya gyara yuƙa ta koma wuƙa. Ya rubuta sunan garin da shekarun mai magana, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya ko hoto, ya kuma tafi da goro. Ga malamanmu kuma, ina roƙon a karɓi irin wannan aiki a matsayin batun kundi cikakke, a kuma tanadi wuri ɗaya a sashe inda za a riƙa tara abin da aka samo, don kada kowane ɗalibi ya tafi da nasa. Idan ɗalibai 20 suka yi haka a garuruwa 20 na jihar Maraɗi, cikin hutu ɗaya za mu samu taswirar karin harshe ta kayan sana'a wadda za a iya ɗora bincike a kanta. Tsofaffin da suka ga narkar tama da idonsu sun yi nisa cikin shekaru, saboda haka da su ya kamata a fara.